Yadda Na-Iya Ya Kori Sanyi Daga Firiji

A benen hayar nan mai hawa uku, kusan kowa ya manta da sunansa na gaskiya. Na-Iya ake ce masa a bayan ido, domin ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ba, tun daga ɗinkin takalmi har tuƙin jirgin sama, bai gyara zama ya ce "ai wannan na iya" ba. A gaban idonsa kuwa Injiniya ake kiransa, shi kuma yana amsawa da ƙarfi, bai taɓa lura da yadda masu kiran ke cizon leɓe ba. Sana'arsa ta gaskiya sayar da katifu ce a wani kanti. Sai dai bango ɗaya ne ya raba kantin da shagon masu gyaran kayan lantarki, kuma a ganin Na-Iya, ilimi abu ne da ke ratsa bango.

Wata safiya matarsa, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta ɗauko ƙwai daga firiji ta buga a bakin kasko. Kaskon ya yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta, ƙwan kuwa ko gezau. Ta buɗe firijin ta duba da kyau. Tumatir ya zama dutse, latas ya zama gilashi, madara ta sandare a kwalba, kokwamba kuwa da za a jefi mutum da ita sai asibiti. Kuma ba a ɗakin sama ba ne, wanda dama aikinsa ke nan daskarar da nama. A ƙasa ne, inda ake ajiye kayan da ɗan sanyi kawai suke so.

"Baban yara, zo ka ga..." Sai ta toshe bakinta da hannu. "A'a, yi zamanka, ba komai."

Ina! Magana ta riga ta fita. Na-Iya ya faɗo kicin da singileti, yana murza hannu kamar wanda aka kira cin nama.

"Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Firiji ne ya ɗan yi sanyi da yawa. In na taso daga makaranta zan kira mai gyara."

"Mai gyara?" Ya dafe ƙirji. "A gidan nan? Ina raye? Malama, me mutanen benen nan za su ce in suka ga wani ƙato ya shigo gidan Injiniya da akwatin kayan aiki?"

"Za su ce Allah ya shirye ka."

Kunnen Na-Iya ba ya ɗaukar irin waɗannan maganganu. Ya riga ya fara naɗe ƙafar wando, ko da yake ba wanda ya san abin da ya haɗa wando da firiji. Malama ta sha gabansa.

"Ka saurare ni da kyau. Ranar Asabar shugabar makarantarmu da malamai za su zo cin abincin rana, su taya ni murnar zama mataimakiya. Matar nan ba ta taɓa taka gidan nan ba. Ban roƙe ka komai ba, illa ka bar ni in fita kunya."

"Asabar? Kafin ki gama ɗaura ɗankwali na gama."

Ya durƙusa ya cusa kai cikin firijin, ya daɗe yana "hmm, hmm" irin na manyan likitoci. Can sai ya hango abin murɗawa a gefe, mai lambobi daga ɗaya zuwa bakwai, yana kan huɗu. Ya fito da kai yana dariyar tausayi.

"Huɗu! Wa zai bar firiji a huɗu bai daskare ba? Ko ɗalibanki sun san in lamba ta hau, zafi ne ya hau. Ranar da aka ce zafin gari ya kai arba'in, kin ga wani da bargo?"

"Ni dai kamar na ji an ce babbar lamba ita ce..."

"An ce! Wa ya ce? Ke riƙe alli, ki bar mini waya."

Ya murɗa har bakwai, ya ƙara dannawa ko akwai takwas a ɓoye. Ya kaɗe hannu, ya tafi kanti yana ba duk wanda ya gamu da shi a matakala labarin yadda ya gama aikin yini guda kafin shayi ya huce.

Da yamma ya dawo, ya kira Malama ta zo ta ga ikon ilimi. Ya buɗe firijin, wani farin hayaƙi ya fito ya lulluɓe masa ƙafafu. Bai karaya ba. Ya rungumo kankanar da ke can ƙasa don ya nuna mata ta saki, kankana ta suɓuce, ta sauka a kan babban yatsansa, ta wuce ta fasa tayil biyu, ta mirgina ƙarƙashin tebur ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Ihun da ya yi bai kai ƙarar faɗuwar ba. Tela, wanda ɗakinsa da kekensa ke ƙasan nasu daidai, ya hau a guje da abin awo a wuya.

"Injiniya, lafiya? Na ɗauka mai gidan ya fara rushe benen bai gaya mana ba."

"Aiki nake," in ji Na-Iya, yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Tela ya sunkuya ya ƙwanƙwasa kankanar, ya saurara. "Wannan in ka sami irinta guda goma, ai sai ka fara ginin gidanka, ka huta da haya."

"Kai ba za ka gane ba. Magani ne ya fara aiki. Ciwo in zai tafi sai ya fara tashi."

"To Allah ya ba mara lafiyan sauƙi. Kai ma Allah ya ba ka."

Washegari Na-Iya ya farka da sabon tunani, ga yatsa ya kumbura kamar albasa. Ya kwashe duk abin da ke cikin firijin, ya haska tocila, sai ya ga wata 'yar ƙofa mai raga a bangon baya, iska mai sanyi na hurowa ta ciki.

"Na kama ɓarawon!" Ya ƙwala wa Malama kira. "Zo ki ga inda sanyin ke satar hanya. Masu ƙera firijin ne suka manta ba su toshe ba. Aikin gaggawa ke nan, ba sa dubawa."

Ya ɗauko safarsa ta zuwa aiki, ya cusa a ramin da sukudireba, ya bi da ta biyu, ya manne da salatif. Sannan, don kar a ce bai yi riga-kafi ba, ya buɗe akwatin tsofaffin kayan yara. Kowane tumatir ya sa masa hular jariri. Kokwamba ya zura su cikin safar makaranta. Kabeji ya naɗe shi da ƙaramin tawul, ya bar masa ɗan wurin shan iska.

Ana cikin haka Maman Tagwaye ta shigo aron rariya. Ita ce maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, mace mai jiki da murya, wadda ke riƙe kanta da 'ya'yanta da sayar da yogot da ƙanƙara daga wani ƙaton firiji da ke falonta. Ta leƙa, ta ga jerin tumatir da huluna, ta tafa hannu.

"Malama! Haihuwa kika yi ba ki gaya mana ba? Kai, masha Allah, duk jajaye, duk kamannin babansu!"

"Wannan kimiyya ce," in ji Na-Iya, bai ko juyo ba.

"Ai na gani. Injiniya, wancan na gefe kamar yana tari, a ƙara masa riga."

Kafin la'asar kimiyya ta nuna kanta. Ƙasan firijin ya ɗumame, madarar da ta narke ta yi tsami, sannan wata ƙara ta tashi daga ciki, kamar akuyar da igiya ta shaƙe. Fankar ciki ce ta zuƙe safa ɗaya tana fama da ita. Na-Iya ya kara kunne a jikin firijin, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Kin ji? Wannan ƙarar lafiya ce. Inji in yana jin daɗi haka yake yi."

Malama ta ɗauki jakarta. Ta je kasuwa ta sake sayo kayan salak da 'ya'yan itace da lemon kwalba, ta karɓo kek mai farin kirim da ta sa aka yi mata, ta wuce da su kai tsaye gidan Maman Tagwaye, wadda ta ware mata ɓangare guda a firijinta. Da yake Maman Tagwaye za ta kai yara wurin yayarta su kwana, sai Asabar da rana za ta dawo, ta bar wa Malama makulli. Malama ta rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Wannan shi ne kuskurenta na biyu a makon.

Abin ya yi wa Na-Iya ciwo. A ce matarsa ta kwashi abinci ta kai firijin wata, alhali ga Injiniya a gida! Ranar Juma'a ya buga waya kanti ya ce ƙafa ta hana shi fita. Da Malama ta tafi makaranta, ya zauna gaban firijin yana kallonsa, firiji na kukan akuya. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa wa kowa sai masu baiwa. Ta yaya likita ke gane mara lafiya? Ai sai ya san yadda lafiyayye yake. Ga kuma lafiyayye can ƙofa da ƙofa, ga makulli a ƙusa.

Ya shiga falon Maman Tagwaye da sanɗa. Ya buɗe ƙaton firijin, ya ture yogot gefe, ya kwance murfin da ke kusa da fitila, ya zaro wani ɗan akwati mai wayoyi kala-kala da wata siririyar jela ta ƙarfe. Ya koma gida ya zaro irinsa daga nasu. Ya jera su biyu a kan tebur, ya juya wannan, ya juya wancan, ya shinshina, ya girgiza su a kunne. Da ya ga bai gano komai ba, sai ya yanke hukuncin cewa yunwa ce ta rufe masa ido. Ya haɗa shayi, ya matsar da akwatunan don ya sami wurin ajiye kofi. Ko da ya shanye, ya dubi teburin, sai ya rasa wanne ne na wa.

Da wani ƙaramin mutum ne, da hankalinsa ya tashi. Na-Iya kuwa cewa ya yi, tun da har ido bai bambance su ba, to firiji ma ba zai bambance ba. Ya ɗauki na dama ya kai wa Maman Tagwaye. Wayoyin ne suka ɗan yi masa gardama, domin ya manta wacce ke shiga ina, amma ya bi tsarin da ya fi kyau a ido: ja kusa da ruwan ƙasa, shuɗiya ita kaɗai tun da ba ta da dangi. Ya rufe ƙofar ya buɗe, fitila ta kama.

"Shi ke nan," ya ce. "Fitila ba ta ƙarya."

Bai lura cewa firijin ya yi tsit kamar maƙabarta ba. Noti uku da suka ragu a hannunsa ya jefa aljihu, yana mamakin almubazzarancin kamfanoni.

Ranar Asabar tun da safe Malama ta ɗora shinkafa, ta fara suyar kaji, ta nuna masa ƙofa da ludayi.

"Kai da mara lafiyanka ku fitar mini daga kicin."

Ko a jikinsa. Dama aiki irin wannan yana son 'yan kallo. Ya jawo firijin har bakin matakala, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan jarida, ya jawo doguwar waya daga falo. Kafin ka ce me, mutanen bene sun taru, wasu a tsaye, wasu sun zauna a kan matakala ta sama kamar gidan kallo. Tela ya hau da kujerarsa.

"Na ajiye ɗinki," ya ce. "Ɗinki kullum ana yi, amma wannan ba kullum ake gani ba."

Na-Iya ya gyara murya. "Jama'a, abin da ke damun firijin nan sanyi ne ya taru ya rasa hanyar fita. Ku duba nan." Ya buɗe ɗakin sama, inda ƙanƙara ta yi kauri a bango kamar katanga. "Ga maɓoyarsa. Yau zan fatattake shi."

Ya ɗauko wuƙar yankan nama da guduma. Wata tsohuwa daga hawa na uku ta ce, "Ɗan nan, ba a barin ta ta narke da kanta?"

"Iya, wannan aikin malalata ne."

Ya kafa wuƙa ya buga. Ƙanƙara ta fantsama, yara suka yi wawa. Ya sake bugawa, ya juyo ya yi wa jama'a murmushi, ya ɗaga guduma sama sosai don na baya su gani, ya sauke. Wuƙar ta nutse fiye da yadda ya yi niyya. Sai aka ji fssssss, wata iska mai wari-wari ta feso masa a fuska, girarsa ta yi fari.

Jama'a suka ja da baya. Zuciyar Na-Iya ta ce masa wani abu, ya ce mata ta yi shiru.

"Kun ji?" Ya ɗaga yatsa. "Kun ji shi yana gudu? Wannan shi ne sanyin da ya yi yawa. Abin da nake nema ke nan tun farko."

"Allahu akbar," in ji Tela. "Ashe sanyi ma yana da murya. Injiniya, ka tabbata ba ran firijin ba ne ke fita?"

"Ka jira ka gani. Sai ka zo kana roƙona in duba kekenka."

"Ranar da ka taɓa kekena, ranar zan koma sayar da gyaɗa."

Da iskar ta gama fita, Na-Iya ya liƙe ramin da cingam, ya mayar da ɗan akwatin da ya rage, ya haɗa wayoyin bisa tsarinsa na jiya, ya jera tumatir masu huluna a ciki don gwaji, ya rufe ƙofa. Ya ɗaga filogi sama kamar mai shirin yanka zaren buɗe sabuwar gada.

"Malama! Fito ki ga yadda ake aiki!"

Malama ta leƙo da ludayi a hannu. Ya cusa filogi.

Tau! Wani shuɗin haske ya walƙa, ƙauri ya tashi, fankoki suka tsaya, rediyon hawa na uku ya yi shiru a tsakiyar magana. Bene gaba ɗaya ya mutu.

Wata ƙofa ta buɗe da ƙarfi a ƙasa. Direba, wani dogon mutum da ba ya son raini, ya hau da tawul a wuya da injin aski a hannu. Rabin kansa tas kamar ƙwai, rabin kuma gashi na nan cunkus.

"Wane ne?" ya ce. "Wane ne, nake tambaya! Ina da fasinja ƙarfe biyu!"

Duk idanu suka nuna masa hanya.

"Daga can ne aka ɗauke wuta," in ji Na-Iya.

"Daga can? Ga gidan da ke kallonmu fanka na juyawa! Ka ga kaina? Ka ga kaina, Injiniya?"

"Ai yanzu haka matasa ke yi," in ji Tela. "Ka rage shekara goma."

Direba bai kai ga shaƙo wuyan kowa ba, sai aka ji muryar Maman Tagwaye daga ƙasa tana tambayar wa ya zubar da ruwa a matakala. Sai a lokacin jama'a suka duba ƙafafunsu. Wani farin ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarta, ya ratsa ta ƙarƙashin firijin Na-Iya, yana gangarawa hawa-hawa. Ta iso tana haki, tagwaye na biye, ta karɓi makulli hannun Malama ta buɗe. Warin da ya fito ya kori na kusa. Ƙanƙarar sayarwa duk ta narke, ledojin yogot sun kumbura sun fashe, kayan salak ɗin Malama na iyo a ciki. Kek kuwa ya zauna ya baje, kirim ya zame gefe guda kamar hular maye.

Maman Tagwaye ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ta zura hannu cikin yogot ta zaro wani abu, ta goge shi da gefen zani, ta ɗaga. Sukudireba ce mai jan hannu, an rubuta INJINIYA a jiki da farin fenti.

"Wannan fa?" ta ce a hankali. "Ita ma zafi ta ji ta shigo shan iska?"

"Wato... dubiya na je yi," in ji Na-Iya. "Kyauta ma na duba miki."

"Kyauta! Jarina gaba ɗaya yana bin matakala, kana ce mini kyauta? Me firijina ya yi maka? Ya zage ka ne? Mai katifa! In kana son gyara, ka je ka gyara filo!"

Kalmar "mai katifa" ta soke shi fiye da faɗuwar kankana. Ya buɗe baki zai kare mutuncin sana'a, sai wani yaro ya ƙwalla daga taga cewa ga baƙi sun yi fakin. Malama ta saki ludayi. Daga ƙasa aka fara jin ƙwas-ƙwas na takalma da sallama cikin muryoyin mutanen kirki.

Nan Na-Iya ya yanke shawarar ceto matarsa daga kunya. In ya tura firijin cikin gida kafin su hau, wa zai san an yi wani abu? Ya kafa kafaɗa, ya tattara ƙarfi, ya tura. Ƙafarsa mai ciwo ta taka yogot. Ya tafi, firiji ya juya, ya karkata, ya kwanta a bakin matakala, ya fara sauka da kansa: gab, gab, gab. Na-Iya ya bi bayansa a kan ciki, yana riƙe da wayar kamar mai jan doki. Firijin ya daki bangon kwana ya tsaya, ƙofa ta wangale, tumatir suka watse. Ɗaya ya gangara a natse, da hularsa mai ɗan tuntu, ya tsaya daidai gaban takalmin shugabar makaranta.

Shugaba, dattijuwa mai farin gilashi, ta dubi tumatirin. Ta dubi mutumin da ke kwance cikin yogot da farar gira. Ta ɗaga kai ta dubi mai rabin aski. Malamai shida na bayanta riƙe da kyaututtuka, ba mai motsi.

"Nan ne gidan Malama?" ta tambaya.

"Nan ne, ranki ya daɗe," in ji Tela. "Ga maigidan nan ya sauko tarbarku."

Malama na tsaye a sama, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na-Iya ya ɗauka kuka take, har ya fara shirya kalaman lallashi. Ita kanta ba ta san ko kuka take ko dariya ba. Shugaba ta tsallake shi a hankali kamar mai tsallake kwata, ta hau ta rungume ta.

"Share hawayenki, 'yata. Shekara talatin ina fama da yara, na san ɓarna in na gan ta. Naki dai ya girma ne kawai."

Na-Iya ya miƙe zaune, yogot na ɗiga daga haɓarsa. Ya ga kowa na kallonsa, ya ga ya kamata a yi adalci.

"To amma ku faɗi gaskiya," ya ce. "Yanzu yana daskarar da abinci?"

"A'a," in ji Tela. "Wannan kam ka raba shi da halin har abada."

Haka aka ci shinkafa da kaza cikin zafi, ana fifita da murfin kwali, ana korawa da lemo mai ɗumi. Ba salak, ba kek. Amma malaman nan sun ce ba su taɓa zuwa walimar da suka yi dariya irin wannan ba, domin ta taga suna hango maigidan da guga da tsumma yana wanke matakala tun daga sama, Maman Tagwaye na tsaye a kansa da sukudireba tana nuna masa inda ya tsallake, tana kuma lissafa masa abin da zai faru da shi in firijinta bai tashi ba kafin Litinin. Direba ya ɗaura ɗankwalin matarsa ya tafi wurin wanzami. Abin da ya sami firijin Malama tun farko kuwa, har yau ba wanda ya sani, don ba a bar abin da za a duba ba.

Da la'asar baƙi suka sauko, aka rako su bakin titi. Shugaba ta shiga motarta ta murɗa makulli. Mota ta yi ƙyar-ƙyar-ƙyar ta yi shiru. Ta sake murɗawa, haka.

"Oho," ta ce, "kwana biyu ke nan tana yi mini wannan ƙarar."

Can a bakin ƙofa, tsumma ya faɗi cikin guga. Na-Iya ya miƙe, idonsa ya kawo haske, ya fara naɗe ƙafar wando.

"Ranki ya daɗe, wace irin ƙara? Buɗe mini gaban in..."

Bai ƙarasa ba. Tela ya kama hannun dama, Direba da ya dawo da kai tas ya kama na hagu, Maman Tagwaye ta tura ta baya. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har cikin shagon Tela. Malama da kanta ta datse ƙofar, ta murɗa makulli, ta jefa shi cikin jaka.

"Ranki ya daɗe, riƙe sitiyari," ta ce. "Turawa za mu yi."

Malamai suka ajiye jakunkuna, suka tattare riguna, mutanen bene suka kama musu, har da tsohuwar hawa na uku. Mota ta fara gangarawa, ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Ana cikin tafi da shewa, sai ga wata murya ta ratso ta tsakanin ƙarafan tagar Tela, da hannu ɗaya a waje yana kaɗawa:

"Ba haka ake turawa ba! Ku dawo da ita in nuna muku!"